Kufan Castro, Birnin da Bashi Ya Ci

Duk wanda ya bar birnin Rum ya miƙe arewa, bayan tafiyar kamar kilomita 80 zai iske birnin Viterbo. Daga nan in ya karkata yamma, ya bar tafkin Bolsena a hannunsa na dama, sai ya faɗa wata ƙasa mai tuddai da kwazazzabai, inda itatuwan zaitun da garkunan tumaki suka fi mutane yawa. A can ƙurewar jihar Lazio, dab da iyakar Tuskani, akwai wani ɗan gari da ake kira Ischia di Castro, daga shi kuma wata siririyar hanya ta ratsa gonaki har ta kai matafiyi bakin wata 'yar majami'a da ke tsaye ita kaɗai a gefen kurmi. To, nan ne mota ke tsayawa, sauran tafiya sai a ƙasa.

Kada mai karatu ya ji sunan ya tuna da Fidel Castro na ƙasar Kyuba, domin babu abin da ya haɗa su. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin sansani ko wuri mai kariya, kuma wurin ya ci sunansa. Tudu ne mai faɗi a sama, kwazazzabai masu zurfi sun kewaye shi, kogin Olpeta na gudana a ƙarƙashinsa. Wanda ya zauna bisa wannan tudu ba ya bukatar doguwar ganuwa, gama ƙasa da kanta ta yi masa rabin aikin.

Baƙon da ya shiga kurmin da farko ba zai ga kome ba sai itatuwa da sarƙaƙƙiya, ba zai ji kome ba sai kukan tsuntsaye da ƙarar busasshen ganye a ƙarƙashin takalminsa. Sai ya yi ɗan nisa sa'an nan idonsa zai fara rarrabewa. Tsibin da ya ɗauka suri ne, ashe tarin duwatsun gini ne. Ramin da ya kauce wa, ashe bakin ɗakin ajiya ne na ƙarƙashin wani gida. Can sai ya fito wani fili inda aka share ƙasa, ya ga daɓe na jan bulo an jera shi karkace kamar ƙayar kifi, kewaye da shi ga guntayen ginshiƙai da sassaƙaƙƙun duwatsu a warwatse, gansakuka ta lulluɓe su. Wannan fili shi ne dandalin birnin. A nan fada take, a nan gidan buga kuɗi yake, a nan kuma masaukin manyan baƙi yake. In ya ƙara gaba zai tarad da harsashin babbar majami'ar San Savino, da kuma ragowar bangon wata majami'ar ta Santa Maria, inda har yanzu ake iya ganin burbushin zanen da aka yi wa bango da launi.

Kufai dai ba baƙon abu ba ne a duniya. Wani gari ruwa ke ƙare masa, wani annoba ke korar mutanensa, wani kuwa kasuwa ce ke tashi ta bar shi, sai ya riƙa zubewa a hankali, yau bango gobe soro. Na Castro ba haka ya faru ba. Ma'aikata aka ɗauko, aka ba su diga da guduma, suka rushe shi gida gida bisa umurni, cikin 'yan watanni.

Ga yadda abin ya kasance. Castro tsohon gari ne, tun ƙarni na 8 yake da bishop nasa, watau babban limamin Kirista mai kula da majami'un yanki, ya kuwa daɗe yana zaman ƙaramin gari mai ganuwa irin na wancan zamani. A lokacin Paparoma ba shugaban addini kaɗai ba ne, sarki ne mai ƙasa da soja da haraji, babban yanki na tsakiyar Italiya yana hannunsa, haka kuma abin ya ci gaba har shekarar 1870. A 1534 aka zaɓi wani dattijo daga gidan Farnese, waɗanda asalinsu 'yan wannan yanki ne, ya zama Paparoma Bulus na 3. Yana da ɗa mai suna Pier Luigi, wanda ya haifa tun kafin ya zama cikakken limami. Kowa ya samu rana sai ya yi shanya. A 1537 Paparoma ya yanki ƙasa daga cikin mulkinsa ya naɗa ɗan nan sarauta a kanta, aka mai da Castro hedkwata.

Da yake ba a son a ce sarki na zaune a ƙauye, sai aka kira Antonio da Sangallo Ƙarami, wanda shi ne babban maginin Paparoma, mai kula da ginin majami'ar Bitrus ta Rum, shi ne kuma ya tsara ƙasaitaccen gidan Farnese da ke Rum, wanda a yau ofishin jakadancin Faransa ke ciki. Sangallo ya zana sabon dandali, da fada, da gidan buga kuɗi, da sababbin ganuwa. Takardun zanen nasa suna nan a ajiye a gidan tarihi na Uffizi a birnin Florence, su ne ma ke taimakon masana su gane wane tarin dutse ne wane gini. Manyan mutane masu neman shiga wurin Paparoma suka yi ta sayen filaye suna gina gidaje. Sai dai ba a daɗe ana wannan rububi ba. A 1545 Pier Luigi ya sami sarautar da ta fi wannan maiƙo, watau ta Parma da Piacenza a arewacin Italiya, ya tattara ya koma can, inda aka kashe shi bayan shekara biyu. Daga nan Castro ya zama kamar gonar nesa ga gidan Farnese: ba sa zama, amma alkamarta da harajinta na isa gare su. Zazzaɓin cizon sauro, wanda ya addabi wannan yanki shekaru aru-aru, shi ma ya yi ta rage jama'a.

Masu magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na jikokin Pier Luigi ya wuce misali. Sun yi ta karɓar rance a hannun attajiran Rum don yaƙe-yaƙe da hidimar fada, abin da suka jinginar kuwa shi ne kuɗin shigar ƙasar Castro. A zamanin Sarki Odoardo Farnese ruwan bashin ma ya gagara biya. Ga shi kuma ya ɓata da dangin Paparoma na lokacin, Urban na 8, 'yan gidan Barberini, waɗanda ke da kwaɗayin ƙasar. A 1641 aka hana shigar da alkamar Castro kasuwar Rum, watau aka toshe wa mai bashi hanyar da zai sami abin biya, sa'an nan aka ce ya biya. Odoardo ya ƙi, ya hau gyaran ganuwa. A watan Oktoba na shekarar sojan Paparoma suka kama garin. Odoardo ya sami goyon bayan Venice da Tuskani da Modena, aka yi ta gwabzawa har 1644, lokacin da aka yi sulhu a Ferrara aka mayar masa da garinsa. An zubar da jini, baitulmalin Paparoma ya rame, bashi kuwa yana nan inda yake.

Bayan 'yan shekaru duk manyan 'yan wasan suka canja. Urban ya rasu, Innocent na 10 ya gaje shi. Odoardo ya rasu a 1646, ɗansa Ranuccio na 2, yaro matashi, ya hau. A 1648 sabon Paparoma ya naɗa wani malami mai suna Cristoforo Giarda bishop na Castro ba tare da shawartar Ranuccio ba, shi kuwa ya ce bai yarda ba. A watan Maris na 1649 Giarda ya kama hanyar zuwa wurin aikinsa, da ya iso kusa da Monterosi sai 'yan bindiga suka tare shi suka harbe shi. Zargi ya faɗa kan fadar Parma. Paparoma ya aika da runduna ta kewaye Castro, ran 2 ga Satumba, 1649 garin ya miƙa wuya.

Abin da ya biyo baya shi ne ya bar wannan kurmi. Aka umurci mazauna su fita, suka watsu cikin ƙauyukan kewaye. Aka rushe ganuwa, aka rushe fada, aka rushe gidajen talakawa, har majami'u ba a bari ba, alhali kuwa wanda ya ba da umurnin shi ne shugaban majami'un duka. Aka mai da kujerar bishop garin Acquapendente. Kafin shekarar ta ƙare, babu soro ɗaya da ya rage a tsaye cikin ganuwa. Mutanen yankin na ba da labarin wai an barbaɗa gishiri a wurin, an kuma kafa ginshiƙi da rubutu mai cewa a nan Castro ya taɓa zama. Mai ziyara dai ba zai ga wannan ginshiƙi ba ko ya kwana nema. Abin da ya tsira shi ne wani dutse mai zanen gicciye da ke bayan gari, wanda daga baya aka gina masa 'yar majami'ar nan inda mota ke tsayawa, kuma har yau jama'ar kewaye na taruwa a wurin a watan Yuni.

Kisan bishop babban laifi ne, ba mai musun haka. Amma fa a duba wanda ya ɗauki hukuncin. Ranuccio ya ci gaba da sarautarsa a Parma har ya mutu a 1694. Wazirinsa, Jacopo Gaufrido, shi aka ɗora wa laifi aka fille masa kai a farkon 1650. An ba gidan Farnese shekara takwas su biya bashin su fanshi ƙasar, suka kasa, ta zama ta Paparoma. Mai gasa burodi da maƙeri da tsohuwa mai saƙa na Castro kuwa, waɗanda ba su ci rancen ba, ba su kuma harbi kowa ba, su aka fitar da tabarmarsu waje aka rushe ɗakin. Da neman haƙƙin mamaci kaɗai ake yi, da an tsaya ga waɗanda suka yi kisan. Rushe garin ƙurmus ya fi kama da dabarar hana gidan Farnese samun wurin da za su sake kafa ƙafa kusa da Rum.

To, a nan ne ziyarar ke juyawa ta zama wani abu dabam. Idan baƙo ya fito daga kurmi ya koma wajen 'yar majami'ar, ba sai ya yi nisa ba zai ga ƙofofi a jikin dutse, baƙi ƙirin, wasu da matakala mai gangarawa ƙasa. Waɗannan kaburbura ne, kuma sun girmi dandalin Sangallo da shekara fiye da 2,000. Na wata al'umma ce da ake kira Etruskawa, waɗanda suka zauna bisa wannan tudu tun ƙarni na 7 da na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da wurin ke ƙarƙashin babban birninsu na Vulci, wanda kufansa ke 'yar tafiya kaɗan daga kudu.

Etruskawa su ne manyan tsakiyar Italiya kafin Rumawa su yi ƙarfi, sunan Tuskani ma daga gare su ya fito. Ba ƙasa ɗaya suka kafa ba, birane ne kowanne da sarautarsa, manya daga ciki guda 12 suna haɗuwa don bukin addini. Sun yi arziki da ƙarfen tsibirin Elba da tagulla da fatauci a teku, suna cinikayya da Girkawa da mutanen Kartaji na arewacin Afirka. Har sarautar Rum sun taɓa riƙewa. Matansu na da sunan kansu, suna zama cin abinci tare da mazajensu a wurin biki, abin da marubutan Girka suka riƙa yi musu gori a kai. Bokayensu kuma sun shahara wajen duba da hantar tunkiya. Wani abin mamaki, a kusa da Piacenza, garin da aka kashe Pier Luigi, a 1877 wani manomi ya tono siffar hanta ta tagulla, an rarraba ta gida gida an rubuta sunayen gumakansu. A hankali Rumawa suka cinye biranen ɗaya bayan ɗaya, Veii a shekara ta 396, Vulci a ta 280 kafin haihuwar Annabi Isa, har harshen ya mutu a bakin jikokinsu.

Maganar harshen nan tana da ban tausayi. Haruffansu daga na Girkawa suka aro, suna rubutu daga dama zuwa hagu, saboda haka masana na iya furta abin da aka rubuta. Amma harshen bai haɗa dangi da Latin ko Girkanci ba, littattafansu kuma sun ɓace. Sarkin Rum Kalaudiyas ya rubuta tarihinsu juzu'i 20, shi ma ya ɓace. Rubutu mafi tsawo da ya rage an same shi ne a kan ƙyallen lilin da aka yayyaga aka naɗe wata gawa da shi a Masar, yana kuma ajiye yanzu a birnin Zagreb. A 1964 aka tono wasu faranti uku na zinariya a Pyrgi, bakin teku, biyu da Etruskanci ɗaya da harshen Finikiyawa, suka ɗan buɗe ƙofa. Mafi yawan sauran rubutun gajeru ne na kan kabari: wane ɗan wane, ya yi shekara kaza. Watau al'ummar da ta yi ƙarni da ƙarni tana mulki, yawancin abin da aka sani game da ita daga makabarta aka samo shi.

Dalili kuwa a fili yake ga wanda ya shafa bangon kabarin da hannunsa. Dutsen yankin, wanda Italiyawa ke kira tufo, toka ce ta aman wutar duwatsu da ta daskare tun zamanin da. Yana da taushi kamar marmara, gatari na cinsa. Etruskawa sun gina gidajen zamansu da itace da tubalin laka, waɗanda ruwa da wuta suka gama da su tuntuni, amma gidan mamaci sai su sassaƙa shi a cikin dutse, da zaure, da ɗakuna, da gadaje na dutse inda ake kwantar da gawa, wani lokaci har da siffar azara a rufi. A Cerveteri akwai kabarin da aka sassaƙa wa matasan kai da kayan girki da makamai a bango. A Tarquinia kuma bangayen cike suke da zanen masu rawa da masu busa. Waɗannan makabartu biyu sun shiga jerin kayan tarihin duniya na hukumar UNESCO a 2004. Na Castro ba su kai su ado ba, ba su kuma da cunkoson 'yan yawon buɗe ido, sau da yawa baƙo zai iske shi kaɗai ne a wurin. Akwai wani babban kabari da aka yi wa fuska kamar ta gida, da dogayen sassaƙaƙƙun duwatsu na ado a samansa. Siffofin zakoki masu fukafukai da sauran dabbobi na dutse da ke gadin irin waɗannan ƙofofi an kwashe su zuwa ɗan gidan tarihi na Ischia di Castro. Ma'aikatan 1649 sun iya da bangon da aka ɗora dutse bisa dutse, amma ɗakin da aka huda a cikin tudu ba shi da abin turewa.

Abin da ya fi ɗaukaka sunan makabartar shi ne wanda masu tonon tarihi daga ƙasar Beljiyam suka gano a 1967. A hanyar shiga wani kabari suka tarad da keken doki mai ƙafa biyu, na itace da aka lulluɓe da tagulla da ƙarfe, an yi masa ado da siffar samari biyu a gefe da gefe, tare da ƙasusuwan dawakai biyu da aka yanka aka binne da mai shi. An ƙiyasta an yi keken a ƙarshen ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ba na fagen fama ba ne, na hawan ƙasaita ne, irin wanda babban mutum ke tsayawa a kai jama'a na kallo. Yana nan a gidan tarihin Etruskawa da ke cikin tsohuwar ganuwar Albornoz a Viterbo, ya kuwa cancanci matafiyi ya tsaya ya gan shi a kan hanyarsa ta komawa.

Kada a ɗauka matattun sun kwana lafiya duk tsawon wannan zamani. Abin da guduma ba ta yi musu ba, ɓarayi sun yi. Tun daga 1828, lokacin da Lucien Bonaparte, ƙanen Napoleon, ya fara tona kaburburan Vulci da ke cikin gonakinsa, tukwane masu zane dubbai suka bazu cikin gidajen tarihin Turai, abin da ba shi da kasuwa kuwa aka yi ta farfasa shi. Daga baya sana'ar ta koma ta dare, har Italiyawa suka ba masu yin ta suna, tombaroli, watau mahaƙan kabari. Sukan bi gona da dogon ƙarfe suna soka ƙasa, inda ya zurma sai su dawo da fitila. Wata babbar tukunya da Bagirken nan Euphronios ya zana, wadda aka sace daga wani kabari a Cerveteri a 1971, gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saye ta dala miliyan ɗaya a 1972, ba ta koma Italiya ba sai a 2008. Asarar ba ta tsaya ga tukunyar ba. Da zarar an fizge abu daga inda aka ajiye shi, ba a sake sanin na wane ne, da me aka haɗa shi, ko a wane zamani, alhali kuwa al'ummar da littattafanta suka ɓace ba ta da wata shaida sai wannan. Dajin ma da kansa ya saba da marasa gaskiya, domin kurmin Lamone da ke maƙwabtaka nan ne maɓoyar shahararren ɗan fashin nan Domenico Tiburzi, wanda ya gagari hukuma shekaru da dama kafin 'yan sanda su harbe shi a 1896.

Mai niyyar zuwa ya sa takalmi mai ƙarfi, ya riƙe ruwan sha da tocila, ya kuma bi hanyar da aka shata, domin ƙarƙashin ganye akwai bakunan rijiyoyi da ɗakunan ƙasa. Lokacin sanyi da farkon bazararsu sun fi dacewa, sa'ad da ganye bai rufe duwatsun ba.

In ya koma Rum kuma, akwai sauran abu ɗaya na Castro da zai iya nema. A dandalin Navona, tsakiyar birni, akwai majami'ar Sant'Agnese, wadda dangin Innocent na 10 suka fara ginawa a 1652, shekara uku bayan rushe garin. A cikinta aka binne Paparoman. Ƙararrawar da ke bisa hasumiyarta kuwa, daga majami'ar San Savino ta Castro aka sauko da su.